Wasiƙa ga Edita: Matashin da Aiki Ya Kawo Abuja Ya Duba Unguwa Kafin Ya Biya Kuɗin Haya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda matasanmu, maza da mata, waɗanda ba su kai ga yin aure ba, suke zaɓen wurin zama idan aiki ya kai su garin da ba su sani ba. Abin da ya tayar mini da maganar shi ne wayar da ɗan yayata ya yi mini a watan jiya, bayan ya gama hidimar ƙasa ya sami takardar kama aiki a Abuja. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Kawu, a wace unguwa ce haya ta fi araha?" Sai da na ɗan yi shiru kafin in ba shi amsa, domin tambayar da ni ma na yi ke nan a shekarar 2018, ranar da na sauka a tashar Jabi da jaka ɗaya, kuma amsar da aka ba ni ta jawo mini wahalar shekara biyu cur.

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya ya saba da gari mai tsakiya, inda kasuwa da ofis da masallaci da gidan dangi ba su yi wa juna nisan da zai hana mutum dawowa gida cin abincin rana ba. Abuja daban take, domin gari ne da aka zana a takarda tun bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa a 1976, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati cikinsa a ranar 12 ga Disamba 1991. Ofisoshi sun taru a tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama, amma hayar gidajen da ke kusa da su ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba, saboda haka akasarin masu aiki a Abuja a bayan gari suke kwana, wasu ma a wata jiha. Manyan hanyoyi uku ne suke zubo su cikin birni kowace safiya. Akwai hanyar Keffi, wadda take ɗauko mutanen Nyanya da Karu, da na Mararaba da Masaka da ke cikin Jihar Nasarawa. Akwai hanyar filin jirgin sama, ta mutanen Lugbe da Kuje da Gwagwalada. Sai kuma babbar hanyar Kubwa, wadda ta ratsa ta gefen Gwarimpa da Dutse, ta wuce Dei-Dei da Zuba har ta haɗu da hanyar Suleja a Jihar Neja. Duk wanda ya biya kuɗin ɗaki a Abuja, ya sani cewa ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku ya zaɓa wa kansa na tsawon shekara guda, kuma a kanta zai ƙarar da wani babban kaso na rayuwarsa.

Ni ban san haka ba. Dillalin da aka haɗa ni da shi ya kai ni ganin wani ɗaki ciki da falo a can gaba da Mararaba ranar Lahadi da hantsi, titi fayau, ko minti arba'in ba mu yi a hanya ba. Ɗakin sabo ne, da fenti mai kyau da tayil a ƙasa, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da aka faɗa mini a Gwarimpa ba. Nan take na biya kuɗin shekara, na biya la'adar dillali kashi 10 cikin 100 kamar yadda aka saba, na ƙara da kuɗin rubuta yarjejeniya da wani kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna. Ranar Litinin na fito ƙarfe bakwai saura kwata, ban shiga ofis ba sai tara da rabi. Daga ranar na koma fita kafin a kira assalatu, ina yin sallar asuba a wani ƙaramin masallaci na bakin titi kusa da Nyanya tare da direbobi da 'yan kasuwa, sannan in tsaya cikin sanyi ina kokawar shiga mota. Da yamma kuwa, daga shataletalen AYA zuwa gangaren Kugbo kaɗai mutum zai iya shafe awa guda yana kallon jajayen fitilun motocin da ke gabansa. Ina isa gida bayan isha'i, ba ni da ƙarfin ɗora tukunya, sai in sayi abin da na samu a hanya in kwanta. Da na zauna na yi lissafi bayan wata shida, na tarar cewa abin da na rage a kuɗin haya ya tafi a kuɗin mota da abincin saye da magani, ban da awa huɗu zuwa biyar da hanya take cinye mini kullum. Wannan fa tun kafin a cire tallafin man fetur ne a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Yau lissafin ya fi haka tsanani, kuma shi ya sa na ce wa ɗan yayata ya haɗa kuɗin haya da kuɗin motar wata goma sha biyu wuri guda kafin ya ce wani ɗaki yana da araha.

Ba ina kushe Mararaba da mutanenta ba ne. Wanda yake aiki a Karu ko Nyanya ko Keffi, wurin ya dace da shi, kuma akwai kasuwa da sauƙin kayan abinci da jama'ar kirki. Laifin nawa shi ne na je ganin gida a ranar hutu, na kuma yarda da bakin mutumin da abincinsa yake cikin biyan da zan yi.

Da shekara ta cika sai na yi kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko haɗari, kuma saboda shi ne musamman na ɗauki alƙalami. Na tattara abin da nake da shi, na ci bashi a wurin aiki, na kama ɗaki a cikin wani rukunin gidaje mai katanga da ƙofa da masu gadi, inda minti ashirin ya ishe ni zuwa ofis. Wurin yana da tsabta da shiru, kowa da motarsa, kowa ya shigo sai ya ja ƙyaurensa ya rufe. Wata takwas na yi a gidan ban san sunan mutumin da bango ɗaya ya raba mu ba, iyakarmu ɗaga hannu idan mun haɗu a bakin ƙofa. Masallaci mafi kusa sai an fita rukunin an yi tafiya mai nisa, saboda haka na koma yin salla ni kaɗai a ɗaki. A cikin damina ta wannan shekarar zazzaɓi ya kayar da ni ranar wata Juma'a da dare. Na kwana ina rawar ɗari, Asabar ta zo ban iya tashi in ɗebo ruwan sha a kicin ba, wayata ta mutu, babu wuta, kuma ko da akwai caji ban san wanda zan kira a unguwar ba. Ina jin motsin maƙwabta suna fita suna dawowa, ina jin yara suna wasa a tsakar gida, amma babu wanda yake da dalilin ƙwanƙwasa ƙofata, domin babu wanda ya saba ganina balle ya lura da rashina. Sai ranar Litinin da azahar wani abokin aikina, da ya ga ban zo ba kuma waya ba ta shiga, ya bi kwatance ya zo, ya sa mai gadi suka ɓalle ƙofar, ya kai ni asibiti aka ƙara mini ruwa. Har yau idan na tuna cewa da hutun salla ne ko na ƙarshen shekara babu mai nemana sai bayan mako guda, jikina yakan yi sanyi.

Malam Edita, nan ne bambancin mai iyali da gwauro yake. Magidanci duk inda ya sauka ya tafi da mutanensa, akwai mai dafa masa, akwai mai ganin ya kwanta ba lafiya, akwai yaran da za su shiga maƙwabta su ƙulla zumunci ko iyayen ba su yi niyya ba. Wanda yake shi kaɗai ba shi da kowa a garin sai mutanen layinsu, su ne danginsa ko ya so ko bai so ba. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci gare shi ita ce, idan na yi kwana biyu ba a gan ni ba, wa zai tambaya? Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma hadisi ya tabbata cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya yi zaton za a ba shi gado. Mun haddace waɗannan tun muna makarantar Islamiyya, amma da zarar mun riƙe takardar ɗaukar aiki sai mu koma duba tayil da silin.

A shekara ta uku na koma Kubwa, kuma wannan karon sai da na yi mako biyu ina zirga-zirga a unguwar kafin in biya ko kwabo. Na je da asuba ranar aiki na tsaya a bakin titi na ga yadda ake samun mota, na koma da ƙarfe tara na dare na ga ko akwai haske da mutane a layin, na yi sallar magariba a masallacin unguwar har sau uku na gaisa da liman na gabatar da kaina, na zauna a teburin mai shayi na saurari abin da ake tattaunawa. A wurin mai shayin nan, wani dattijo ɗan Damagaram, na ji abin da babu dillalin da zai faɗa mini: wane layi ne ruwa yake shiga gidaje da damina, wane mai gida ne yake ƙara kuɗi duk shekara, wane lungu ne ake ƙwacen waya bayan isha'i. Bayan na tare da wata uku, sai aiki ya kai ni Kaduna ba shiri, na hau jirgin ƙasa a tashar Kubwa ban sallami kowa ba. Kwana na biyu sai ga kira daga lambar da ban sani ba, ashe ladanin masallacinmu ne, ya karɓi lambata a wurin mai gida. Ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Asuba biyu ba mu gan ka a sahu ba, mai shayi ma ya ce ba ka zo karɓar burodinka ba." Na tabbatar masa lafiya lau, na ba shi haƙuri, kuma tun daga ranar ban sake tunanin barin layin ba. A nan na yi sauran shekarun gwaurancina, a nan kuma mutanen layin suka raka ni ɗaurin aurena.

Kada a fahimce ni da cewa dole sai Bahaushe ya nemi inda Hausawa zalla suke. Matar da ta fi kowa kula da ni a gidan da nake haya 'yar ƙabilar Tibi ce daga Binuwai, Kirista, wadda take kwashe mini shanya idan hadari ya taso ina ofis, ni kuma in saya mata katin mita idan zan sayi nawa. Gbagyi kuwa, waɗanda su ne muka tarar a wannan ƙasa, duk wanda ya girmama su zai ji daɗin zama da su. Abin nema shi ne unguwar da ake gaisawa, ake sanin fuskar juna, ake da mai unguwa ko shugaban layi da 'yan sintirin da jama'a suka san su. Haka kuma yawan 'yan gida yana da nasa nauyin, domin ɗakin gwauro a Abuja ba ya daɗewa bai zama masaukin duk wanda ya zo daga gida neman aiki ko bin fayil ko ganin ɗan majalisa ba. Karɓar baƙo alheri ne kuma ba na hana kowa, amma ƙaramin ma'aikaci ya san iyakar aljihunsa, ya kuma karanta yarjejeniyarsa, domin akwai masu gidajen da suke ƙayyade adadin mutanen da za su kwana a ɗaki.

Maganar ruwa da wuta ba ta buƙatar dogon bayani, tambaya kawai take so. Inda ruwan famfo daga madatsar Usuma yake kaiwa an huta, inda ba ya kaiwa kuwa sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, kuma kuɗin kura ɗaya da rani zai gaya wa mutum gaskiyar unguwa fiye da rantsuwar dillali. A tambayi ko ɗakin yana da mitarsa shi kaɗai ko ta haɗaka ce, domin rigimar kuɗin wuta ta raba maƙwabta da yawa. A kuma tambayi rukunin da kamfanin wuta ya sa layin, tunda a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar waɗanda ake ce wa rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, ya kai naira 225 a kan kowane ma'aunin wuta a wancan lokacin. Wanda zai iya jinkirtawa ya ga unguwa da damina, ya yi hakan. Idan da rani ne, ya dubi gindin katangu ko akwai shatin ruwa, ya dubi magudanai ko a toshe suke, ya tuna ambaliyar da ta mamaye wani rukunin gidaje a Lugbe a watan Yunin 2023 da wadda take yawan addabar sassan Lokogoma. Gidan da aka shafa wa jan fenti a bango alamar za a rushe shi, ko unguwar da ake raɗe-raɗin rusau, a bar su komai arahar su. Kuɗi kuma kada a miƙa wa kowa sai an ga mai gidan ido da ido ko lauyansa, an karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce, domin an sha karɓar kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya. Ta fuskar tsaro, satar mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 ta isa ta sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya kama gidan da yake shi ne na ƙarshe a bakin daji ko gindin dutse.

Duk abin da na faɗa ya ninka a kan 'ya'yanmu mata, kuma a nan nake so masu gidajen haya su saurare ni. Ƙanwata, 'yar baffana, ma'aikaciyar jinya ce, an yi mata canjin wurin aiki zuwa Abuja shekara biyu da suka wuce, kuma ni na riƙa raka ta neman ɗaki. Gida huɗu aka hana ta bayan an gama ciniki, da zarar an ji ba ta da aure. Wani mai gida, dattijo mai furfura, ya dube ta ya ce, "'Yata, ina mijinki? Ni ba na ba mace ita kaɗai ɗaki." Ta nuna masa katin aikinta da takardar canjin wurin aiki, ni ma na ce ni yayanta ne kuma zan sa hannu a matsayin mai tsaya mata, ya ce shi dai ƙa'idarsa ke nan. Na ga yadda idonta ya ciko da ƙwalla a cikin mota, yarinyar da take kwana a tsaye tana jinyar iyayen wasu. Na fahimci tsoron da wasu masu gida suke ji, amma su sani cewa idan gidajen mutunci suka rufe wa irin waɗannan yara ƙofa, tura su ake yi zuwa lungunan da babu mai tambayar kowa, inda haɗarin da ake gudu ya fi yawa. Mu ne muka sa su makaranta, muka yi addu'a Allah Ya ba su aiki, bai kamata mu juya musu baya ba ranar da aikin ya kai su wani gari. A ƙarshe wata Hajiya mai gida a Dutse ta karɓe ta, ta ce da ita, "Ki ɗauka gidanku ne, amma duk ranar da za ki yi aikin dare ki gaya mini, in san ba ɓata kika yi ba." Wannan sharaɗin ya fi mini kowace katanga kwantar da hankali.

Ga mace mai aiki, tazarar da ke tsakanin inda mota take ajiye ta da ƙofar gidanta abin aunawa ne da ƙafa, da dare, tare da wani namiji nata, kafin a biya. Tun 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaɓa a cikin birni, saboda haka a wurare da yawa sai tasi ko motocin da suke ɗiban fasinja a bakin titi, kuma a cikinsu ne 'yan fashin da ake kira 'yan wan-cans suke fakewa. Unguwar da take da tasha sananniya, inda direbobi suke da ƙungiya kuma ake lodi bisa layi, ta fi wadda sai an tsaya a bakin babbar hanya ana tsayar da duk motar da ta zo, ko da kuɗin hayarta ya ɗan ɗara.

Ina roƙon limaman unguwanni da shugabannin al'ummar Hausawa a Kubwa da Nyanya da Lugbe da Gwagwalada da Suleja su riƙa sa ido a kan sabuwar fuskar da ta bayyana a sahu, su tambaye shi daga ina, a wane gida ya sauka, su karɓi lambarsa. Ku ma, Malam Edita, da za ku riƙa tura wakilanku unguwa-unguwa suna kawo mana rahoton yadda haya da ruwa da mota da tsaro suke a kowace, da kun taimaki dubban matasan da suke shigowa garin nan ba su da mai ba su labari sai dillali.

Shi kuwa ɗan yayata, na hana shi biyan kuɗin kowane ɗaki tukuna. Yana wurina yanzu mako na uku, ofishinsu yana Garki, kuma na sa shi ya gwada zuwa aiki daga unguwa uku daban-daban ta hanyar kwana wurin abokansa, yana rubuta lokacin da ya fita da lokacin da ya isa da abin da ya kashe. Jiya ya dawo ya ce mini ya ga wani ɗaki a Lugbe da ya kwanta masa a rai, sai na tambaye shi sunan limamin layin da sunan wanda zai zama maƙwabcinsa. Ya ce bai tambaya ba, saboda haka ranar Asabar in Allah Ya kai mu za mu koma tare, mu yi magariba a can.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikaci mai karanta jaridarku,
Kubwa, Abuja.